Inda Aka Binne Sam'an

Shekara talatin da ɗaya Takla ta yi tana karɓar haihuwa a Kafar Shamra, wani ƙauye da ke maƙale a jikin duwatsun Shuf na ƙasar Labanan. Unguwar sama ta Kiristoci ce, ta ƙasa ta Duruzawa, mabiya wani addini na daban, idon ruwa ɗaya ne a tsakani kowa yake ɗiba. Duk unguwar da aka aiko kiranta, jakarta kawai take ɗauka ta bi ɗan aike. Mijinta Sam'an yakan ce rabin mazan garin ita ta fara ganin ɗuwawunsu, shi ya sa babu mai iya ɗaga mata murya.

Sam'an mai matsar man zaitun ne. Ɗingishi yake yi tun ranar da dutsen matsa ya danne masa ƙafar hagu yana saurayi, amma bakinsa lafiyarsa lau. Idan mutane suka kawo zaitun suna jiran layi, sai ya zaunar da su ya ba su labarin shekarar 1860, lokacin da aka ƙone unguwar sama, aka yanka maza a farfajiyar coci, kakarsa tana 'yar shekara bakwai ta yi tafiyar kwana biyu a ƙasa har bakin teku. Daga nan ya gangaro kan yunwar zamanin Turkawa, da fara ta cinye har ɓawon itace, ake tsintar mutane a bakin hanya da ciyawa a baki. Duruzawa suna zaune yake faɗa, ba ya rage murya. Maƙwabcinsa Fandi yakan ce, "Abu Jiryis, ka tsallake abin da naku suka yi wa namu."

"Wannan kai za ka faɗa, ranar da ka buɗe taka matsar."

Sai a kwashe da dariya.

Gidansu Takla shi ne na ƙarshe a unguwar sama, na Fandi na farko a ta ƙasa, 'yar gajeriyar katanga ce ta raba su. A kan katangar nan Takla da Nazira matar Fandi suka yi rabin rayuwarsu. Haihuwa shida Takla ta karɓa wa Nazira, maza biyu suka rayu, Hamad da Shakib. Ita kuwa Takla ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Jiryis, sa'an Hamad. Tare suka yi rarrafe.

"Ummu Jiryis, kajinki sun sake cinye mini na'ana'a," Nazira za ta ɗaga murya tana gyara farin mayafinta.

"To ki toshe ramin mana, Ummu Hamad."

"In toshe, ta ina zan riƙa satar ƙwanki?"

Yaƙin basasa ya yi shekara bakwai yana cin Bairut kafin ya hau dutse sosai. A shekarar 1982 samari masu bindiga da gicciye a wuya suka zo daga birni suka kafa shinge a kan gadar da ke ƙasa da gari, suka ce kare Kiristoci suka zo yi. Jiryis ya shiga cikinsu, duk da cewa bai daɗe da aure ba. Takla ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ɓoye masa takalmi. Ya ce, "Mama, so kike a yi mana irin na kakar Baba muna zaune?" Ya fita da silifas.

Cikin watan Maris na shekarar da ta biyo, Hamad ya ɗauko tuffa a motarsa zai kai birnin Saida, aka tsayar da shi a gadar. Bayan kwana biyu aka ga gawarsa a cikin kwari.

Takla ta sa baƙaƙen kaya ta zagaya ta ƙofar gaba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga zaman makoki. Matan da ke ɗakin suka zuba mata ido. Wata ta ja zaninta kada ya taɓa nata. Nazira ta ɗago ta dube ta, idanunta a bushe, ta ce, "Ku matsa mata. Ita ta yanke masa cibiya." Ba ta ƙara cewa komai ba, ranar ko bayanta. Jiryis bai kwana a gida ba tun daga lokacin, Takla kuma ba ta tambaye shi inda yake ranar da aka tsayar da Hamad ba. Sau da yawa tambayar takan zo mata har baki, ta haɗiye.

A farkon Satumba sojojin Isra'ila da suka mamaye yankin suka janye daga duwatsun, abin da kowa yake tsoro ya faru, mayaƙan Duruzawa suka taso wa ƙauyukan Kiristoci. Da hantsi aka fara jin igwa daga ƙauyukan gabas, kafin azahar masu gudu suka fara ratsa gari, wasu ba takalmi, suna faɗin abin da suka baro. Mutanen unguwar sama suka yanke shawarar bin hanyar dutse zuwa Dairul Ƙamar, wani babban garin Kiristoci. Takla ta ɗaure gurasa da cuku a ƙyalle, ta sa surukarta Warda a gaba, cikinta wata takwas. Ta leƙa wurin matsar mai ta tarar da Sam'an yana zaune yana gyaran kwando.

"Tashi mu tafi."

"Da wace ƙafar? Kafin in kai idon ruwa kun kai Istambul."

"Za a goya ka."

"A goya ni? Ni Sam'an? Takla, zaitun ya kusa nuna. Kwana uku ne ku dawo. Kuma wa zai taɓa tsohon gurgu? Duk mai riƙe da bindiga a garin nan na san ubansa, ke kuma kin san sauran jikinsa."

"Ba lokacin wasa ba ne, Abu Jiryis."

Ya ajiye kwandon ya dube ta. "Na gaji da labarin gudu, ni da nake ba da shi. Ki kai yarinyar nan inda za ta haihu. Ki tafi."

Ta tafi tana zaginsa a fili, mai taurin kai, tsohon banza, tana jin dariyarsa har ta sha kwana. Su tara suka rage a unguwar sama, duk tsofaffi.

Wata uku suka yi a Dairul Ƙamar an kewaye garin, dubban mutane a coci-coci da makarantu. A cikin aji, a kan benci biyu da aka haɗa, Takla ta karɓi haihuwar jikarta, da almakashin da ta tafasa a gwangwanin madara. Duk wanda ya shigo daga baya sai ta tare shi da tambaya. Wani ya ce an kwashe tsofaffin a mota. Wani ya ce ya hango hayaƙi daga coci. Daf da Kirsimeti aka kwashe su a motocin agaji zuwa Bairut, ta zauna kusa da taga tana neman dutsen garinsu, hazo ya hana ta gani.

Shekara goma sha uku ta yi a ɗaki ɗaya a saman garejin wani bakanike, a gabashin Bairut. Aka yi wa Sam'an addu'a a coci da hotonsa a kan kujera, babu akwati. Da yaƙi ya ƙare Jiryis ya kwashi iyalinsa ya tafi birnin Sidni, ya yi juyin duniya ta bi shi, ta ƙi. Ta ce ba za ta tsallaka teku ba tare da ta san inda ubansa yake kwance ba.

A bazarar 1996 aka kira sulhun Kafar Shamra. Aka kafa rumfa kusa da idon ruwa, aka jera kujeru, manya suka zo daga birni da motoci masu baƙin gilashi. Shehunan Duruzawa da fararen rawuna a gefe ɗaya, limaman coci a ɗayan. Aka yi jawabi a kan 'yan'uwantaka, aka yanka tumaki, aka zaga da gahawa mai ɗaci. Sharaɗin sulhun shi ne kowa ya koma ƙasarsa, kuma kada wanda ya sake tambayar wa ya yi me.

Ana cikin tafi Takla ta miƙe. Shekarunta saba'in da huɗu, muryarta ba ta da ƙarfi, amma an ji ta.

"Ni ban tambayi wa ya yi ba. Ina kuka sa mijina?"

Mazan da ta karɓi haihuwarsu, yanzu da gemu da tumbi, suka sunkuyar da kai suna kallon kofunansu. Limamin cocinsu ya matso ya riƙe mata hannu. "Ummu Jiryis, ba yau ba, don Allah."

"To yaushe, Abuna? Shekara goma sha uku ba yau ba ce."

Ta zare hannunta ta hau unguwar sama ita kaɗai. Gidanta babu shi. Har duwatsun an kwashe, sai dandamalin ƙofa da ciyawa ta rufe. Coci babu rufi, an farfasa kaburburan da ke bayansa. Dutsen matsa kaɗai ke nan inda yake, don ba ya ɗaukuwa. Ta zauna a kansa har rana ta karkata, sannan ta ji an ce daga bayan katanga, "Za ki shigo ne, ko sai na aiko da mota mai baƙin gilashi?"

Nazira ce. Ta rame, ta ranƙwafa, ido ɗaya ya yi fari. Fandi ya rasu shekara biyar da suka wuce, ita kaɗai ce a gidan. Ta dafa ganyen shayin da ake kira mate a 'yar ƙwarya, ta zuƙa ta tsinken azurfa mai rami, ta ƙara ruwan zafi ta miƙa wa Takla, kamar yadda suka saba. Takla ta riƙe ƙwaryar ba ta sha ba.

"Na ji abin da kika ce a rumfa," in ji Nazira. "Mazanmu sun ce duk wadda ta buɗe baki ba su ba ita. To ni wa ya rage mini da zai rabu da ni? Ki sha, zai huce."

Takla ta kurɓa.

"Ranar da kuka tafi mijina Abu Hamad ya je ya ɗauko Sam'an, da ƙyar, yana masifa. Muka sa shi a ɗakin da nake ajiye tulunan mai. Kwana biyu ya yi a nan. Bai bar mu mun huta ba, wai man da muke ci ba na matsarsa ba ne, mun ci amanarsa. A rana ta uku da safe mayaƙanmu suka shigo, yawancinsu ba 'yan garin nan ba ne. Suka bi gida-gida suka tattara tsofaffin a farfajiyar coci. Ya jiyo kukan Marta makauniya ana jan ta a ƙasa. Na tare ƙofa, wallahi na tare, ya ture ni da sandarsa. Ya ce zai je ya yi musu magana, ai ya san iyayensu."

"Haka zai ce," Takla ta faɗa a hankali.

"Ba a daɗe ba muka ji harbi."

Kaza ta shigo tsakar gida tana tsattsaga, babu wadda ta kore ta.

"Kwana huɗu suna nan a rana, an hana a taɓa su. A na biyar ni da Abu Hamad muka ɗauki jaki da bargo. Sawu tara muka yi. Ba mu da ƙarfin haƙa kabari tara, Ummu Jiryis, mu ma tsofaffi ne. Tsohuwar rijiyar nan da ta ƙafe a gonarmu ta kwari, nan muka saukar da su da igiya, ɗaya bayan ɗaya, muka rufe da ƙasa da duwatsu. Ban san addu'arku ba. Na dai kira sunan kowa."

Takla ta ajiye ƙwaryar. Kukan da ya zo mata ba mai sauti ba ne, bakinta a buɗe kawai, tana kaɗa jiki gaba da baya. Nazira ba ta taɓa ta ba, ta jira.

"Da saura," ta ce. "Shakib yana cikinsu ranar. Da idona na gan shi ya hau da bindiga. Na tambaye shi sau ɗaya ko ya harba, ya tashi ya bar mini abinci. Yanzu yana Banizuwela, shekara goma ko wasiƙa. Na faɗa miki don kada ki gode mini fiye da kima."

Sai da aka yi wata biyu ana kai-kawo kafin manya su yarda a buɗe rijiyar, da sharaɗin ba ƙararrawa, ba 'yan jarida. Jiryis ya zo daga Sidni, ya yi furfura, ya yi ƙiba, yana ta goge gumi. Aka haƙa tun safe har la'asar. Ƙasusuwan sun cakuɗe, babu mai iya cewa wannan na wane ne. Takla ta durƙusa a bakin zanin da aka shimfiɗa su a kai tana dubawa da hannunta, ita da ta san jikin mutum, har ta ɗago wani ƙashin ƙauri da ya karye ya ɗore a karkace. Ta share masa ƙasa da gefen rigarta. Shi kaɗai ta iya cewa nasa ne. Aka zuba su duka a akwati uku aka binne a bayan coci, aka rubuta suna tara a dutse ɗaya.

Nazira ta tsaya daga nesa da farin mayafinta, ba ta matso ba. Jiryis ya gan ta ya kawar da kai.

Washegari da safe, yana ɗaure jakarsa a motar haya, Takla ta ce, "Je ka gaishe da Ummu Hamad. Ita ta binne ubanka."

"Ba zan iya ba, Mama."

"Saboda Shakib?"

Ya ci gaba da ɗaure jakar. Ta dube shi, tambayar nan ta shekara goma sha uku ta sake zuwa bakinta, wannan karon ba ta haɗiye ba.

"Kana gadar ranar da aka tsayar da Hamad?"

Ya jingina da motar. "Ina nan."

"Ka harbe shi?"

"A'a. Na rantse da kabarin da muka rufe jiya." Ya share fuska da tafin hannu. "Sun sauke shi suna duba takardunsa. Ya hango ni ya yi murmushi, ya ce Jiryis, gaya musu mana. Sai na ce na san shi, ɗan garinmu ne, maƙwabcinmu. Na ɗauka hakan zai sa su sake shi. Ashe da safen nan an kashe ƙanin shugabanmu a hanyar garinmu, ɗan Kafar Shamra suke nema, ko wane ne. Da na yi shiru wataƙila da ya wuce. Suka tafi da shi bayan gada. Ina tsaye, Mama, da bindiga a hannuna. Yana kiran sunana. Ban motsa ba."

Direba ya danna ham. Takla ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, sai hannun ya sauka a kan furfurarsa ya tsaya nan. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Jirgi zai tafi ya bar ka."

Kwana uku tana juya maganar, ba ta iya cin abinci. A na huɗu ta gangara gidan Nazira ta tarar da ita tana tsinke ganyen inabi. Ta ƙi zama. A tsaye ta faɗa mata duka, ba ta rage ko kalma ɗaya don ta kare ɗanta ba.

Nazira ba ta daina tsinkar ganyen ba har ta gama ji.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Akwai mai motar da ke bayansa a layi, mutumin garin Baƙlin. Ya zo ya faɗa mana tun kafin a yi bakwai. Ranar da kika shigo makoki na riga na sani."

"Kuma kika ce a matsa mini."

"To me zan ce? Ke kika tsaya a gadar?" Ta jefa ganye a kwano. "Kada ki ɗauka ni waliyiya ce. Da nake saukar da mijinki a rijiya, ina riƙe da igiya ina cewa a raina, Takla, ɗanɗana ki ji. Wallahi na faɗa. Sannan na zauna a bakin rijiyar na yi ta kuka har Abu Hamad ya ɗora ni a jaki. Har yau ban san wanne ne ni a ciki ba."

Takla ta zauna a ƙasa kusa da ita. Can ta jawo kwanon ta fara tsinkar ganyen ita ma.

Ta gina ɗaki ɗaya da bulo a kan tsohon dandamalinta. Cikin gidaje sittin na unguwar sama, goma sha ɗaya aka sake ginawa, su ma masu su sai da bazara suke zuwa daga Bairut ko Kanada, su share ƙura, su gasa nama, su rufe su tafi. Aka yi wa coci rufin kwano. Abuna yakan hau sau ɗaya a wata, da sanyi kuwa sau da yawa ita kaɗai yake tararwa, ya yi mata addu'ar a gajarce yana duba agogo. Jiryis yakan kira ta a waya ranar Lahadi, su yi maganar yara da ciwon gwiwa. Bai sake zuwa ba.

Nazira ta rasu a shekara ta uku da dawowar Takla, cikin watan Fabrairu, ana zuba ƙanƙara. Aka aika wa Shakib, bai zo ba. Takla ta sa baƙaƙen kayanta ta gangara da sanda, ta zauna cikin matan unguwar ƙasa tun safe. Yawancinsu matasa ne da aka auro daga wasu garuruwa, ba su san ta ba. Wata ta miƙo mata gahawa cikin ladabi ta ce, "Inna, daga wane gari kika zo?"

Takla ta karɓi kofin da hannu biyu. Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta ga abin da tsawo, ga shi an fara fito da gawar.